Bidon Barira

Littafin tsari yana buɗe a kan tebur,
tun daga Yamai aka ja masa layi:
mako na sha tara, ma'aunin ruwa,
mako na ashirin, lamba mai waƙafi.
Kowane darasi da turkensa,
ni ce mai ɗaurewa kafin a buga ƙarfe.

Yara saba'in da huɗu a rumfar zana,
can bayan Garin Malam, inda duwatsu
ke riƙe zafin rana har bayan lisha.
Na rubuta lita, desilita, santilita,
suka amsa da baki ɗaya,
ni kuwa na san ɗiban ruwa nake da kwando.

Sai ga Barira, tara ta gota,
zane jiƙe har gwiwa,
rawayan bido a kanta.
Tun asuba take layin famfo,
ta koma ta tarar an kulle gida.
Doka ta ce ta durƙusa a ƙofa.
Na ce, shigo da shi tsakiya.

Wa ya san cikinsa?
Ashirin da biyar, Madam, ga shi a rubuce!
Sai Mutari, ɗan mai tura kura,
wanda bai ɗaga yatsa ba tun buɗe lakwal,
ya ce, ba ya kaiwa,
mai famfo yana kashewa kafin wuya.

Muka aro kwalbar lita
wurin mai sai da fetur a bakin hanya,
muka wanke ta da toka sau uku.
Ɗaya. Biyu. Bokiti yana amsawa.
Ko mai tari ya riƙe tarinsa.
Ashirin da biyu, sannan kwalba ta tsaya a ƙugu.
Madam, yaya ake rubuta rabi?
Darasin mako mai zuwa ke nan
ya shigo da ƙafarsa ba sallama.

Biyu da rabi kullum, kwana talatin,
alli yana ƙara a kan alluna.
Saba'in da biyar!
Bido uku cur, in ji Barira,
ta riƙe haɓa kamar uwarta.
Ƙarfe ya buga, ba wanda ya tashi.
Shifta ba mu yi ta ba,
tarihi kuma ya kwana a turke.

Ran Alhamis Mushe Tanimun ya zo da jan bik,
ya jera littafina da littafin tsari,
ya ƙirga da bakin farce:
darasi biyu a baya.
Ya ce, Madam Habsu, takardar watan Yuni
ba ta san wata Barira ba.
Ban yi musu ba, gaskiyarsa,
in suka faɗi, ba kwalba za a tuhuma ba.
Ya sa hannu. Ya hau babur.
Ya buga sau biyu bai tashi ba,
sai ya waiwayo, murya ƙasa:
biyu da rabi kika ce?
Mu shida muke saye kullum.

Juma'a na biya bashi.
Na yi ta shifta har maƙogwaro ya bushe,
shekaru da sunayen yaƙe-yaƙe,
a kwafa, a ja layi, a haddace.
Mutari ya mai da kai kan benci.
Na gan shi, ban tsaya ba,
saura shafi uku.

Haka nake tafe, ƙafa ɗaya a layi,
ɗaya tana leƙen gefen hanya.
Kwalbar tana nan cikin akwatin alli,
har yanzu da ɗan warin fetur.
Mako na ashirin da uku, faɗin fili ne.
Jiya na auna rumfarmu da taki,
ina tunanin wa ke da igiya.