Rabin Aski

Kwana uku na rufe shagona a Unguwar Sanusi,
na je na zauna kan bencin 'yan firamare
da furfura a gemuna.
Mu goma sha tara ne: mai shayi, direbobin keke biyu,
mai kitso daga Kakuri, wani ladan, wani dattijon coci.

Malama Tabawa, ma'aikaciyar jinya daga Barnawa,
ba ta zo da allura ba, ba ta zo da ƙwaya ba.
Ta ce, "Yau shiru za mu koya."
Muka kwashe da dariya.
Ta haɗa ni da mai shayi, in saurare shi minti biyar,
ban da "yi haƙuri", ban da "ai ni ma haka".
Wallahi dakon siminti ya fi sauƙi.
Harshena sai mutsu-mutsu yake, kamar ɓera a tulu.

Kashegari ta ɗora mana tambayar da muke gudu:
"Kana tunanin kashe kanka?"
Ladan ya ja a'uziyya.
Ta ce, "Tambaya ba ta kunna wuta,
taga take buɗe wa wanda hayaƙi ya turnuƙe.
Ku ba likitoci ba ne.
Ku zauna, ku saurara, ku raka."

Sai na tuna ƙanena Zubairu,
da igiyar da muka ɗaure shi da ita a zaure,
muna cewa iska ce.
Ban iya cin abincin rana ba.

Bayan sati biyu Tasi'u ya shigo,
wanda aka ƙwace wa babur a Kawo.
Ya biya tsohon bashi har da na bara,
ya ce, "Kwashe duka, daga wannan shi ke nan."
Na kai rabin kai, na kashe inji.
Ba wuta aka ɗauke ba.
Na jawo benci, na yi tambayar,
muryata na rawa.

Ya daɗe yana kallon gashinsa a ƙasa.
Har aka kira la'asar ban ce uffan ba.
Sannan ya fara.

Da magariba muka haye gada a keke,
shi da yayarsa da ni,
hulata a kan rabin askinsa.

Har yau yana bi na sauran.
Ya ce Asabar zai zo.
Na kakkaɓe kujera tun Alhamis.