Dutsen Bakin Ƙofa

A ajina da ke kan tudun Valparaíso
akwai wani dutse da na tsinto a bakin teku,
baƙi, mai santsi, ya cika tafin hannu biyu.
Aikinsa ɗaya ne: ya tokare ƙofa.
Iskar teku ba ta son ganin ƙofa a buɗe,
ni kuwa ba na zama da ɗaliba a rufe.

Maite Huenchul ta saba tsayawa bayan an tashi,
wai lissafin kusurwa ne ya ƙi shiga.
Lissafi kam ya shiga tun tuni.
Mahaifinta ne ya tafi haƙar tagulla can arewa,
shekara biyu, ko wayar sannu babu.

Ran wata Talata ta ajiye biro,
ta ce, "Malam, ba ni lambar wayarka.
Da dare ne abin ke taso mini."
Sai ta ƙara, ƙasa-ƙasa, idonta a kan tebur:
"Da ma kai ne babana."

Maganar ta faɗo mini a ƙirji kamar garwashi.
Ina da 'ya sa'arta a gida,
na san abin da dare ke yi wa yaro.
Lambar tana bakina, ƙwaya tara kacal,
na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Maite, ni malaminki ne,
kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.
Taso mu je wurin Malama Fresia.
Ita aka ɗora wa irin wannan kaya,
ta san ƙofar da za a ƙwanƙwasa a gidanku."

Muka bi baranda, taku uku a tsakaninmu.
Ban dafa kafaɗarta ba, ko da yake hannuna ya so.

Mako biyar ba ta gaishe ni ba.
Ta koma kujerar baya, kusa da taga,
tana kallon jiragen ruwa suna sauke kaya.
Na ci gaba da duba aikinta da jan biro,
ba ragi, ba ƙari.

Cikin watan Yuli ruwan sanyi ya tsuge,
motar haya ta ƙi hawo tudu.
Na same ta a bakin ƙofar makaranta, jiƙe sharkaf,
makullin motata na motsi a aljihu.
Na kira mai gadi, Don Eliodoro,
muka tsaya mu uku a ƙarƙashin rumfa,
ya zuba mata shayi a murfin fulas,
har gwaggonta ta iso da lema mai karyayyen ƙarfe.

Wani zai ce zuciyata ce ta bushe.
To.
Rijiya ma ana gina mata baki,
don mai ƙishi ya ɗiba, kada ya faɗa.

Jiya da za ta fita ta yi tuntuɓe da dutsen,
ya gangara, iska ta fara jan ƙofa.
Ta tsaya, ta mayar da shi wurinsa da ƙafa,
ta ce, "Sai gobe, Malam."
Ba ta waiwayo ba.