Abin da Ke Ci a Duhu

Kyamarar Baba Mumuni ba ta iya barci ba.
Ran Talata na kashe ta,
na naɗe da tsohon mayafi, na tura ƙarƙashin gado.
Ran Asabar na jawo:
alamar batir ta rame,
saura ɗigo ɗaya yana ƙifta ido
kamar wanda ya hango mai binsa bashi.

Sidi tamanin fa!
Wake da shinkafar kwana huɗu ke nan, har da ƙwai,
wurin Hajiya Adiza ta bakin gada a Aboabo.
Kuma irinsa ba ya zama a tebur.
Sai ka ratsa Kejetiya da gumi,
ka haura Adum, ka hau bene,
ka wuce masu gyaran agogo,
ka iske Opanin Boakye da gilashi a ido ɗaya.

Ya soka mata waya biyu, ja da baƙa.
Ba wanda ya taɓa komai,
allura ta ɗaga kai.
"Fulera, kin gani? A kashe take, amma tana sha.
Akwai agogo a bayanta mai ƙirga kwanaki,
ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba.
Tulun filashinta kuma ya tsage,
yana yoyo ba ya jiƙa ƙasa.
Tsufa ne. Ba ni da maganinsa a akwati."

Sai na tuna Baba bayan isha'i,
da kwabon fesewa tsakanin yatsu,
yana murɗa ɗan murfin,
ya zaro batir, ya goge da bakin riga,
ya jefa aljihun ƙirji.
Ni da rowa na ɗauka.
Har dariya muka yi masa, ni da Awudu.

Fim ɗinsa na nan ciki.
Ashirin da takwas ya ɗauka, sauran takwas ya bari.
Ban san me ya gani ba.
Ko suna ne a Asawase,
ko masu saƙar tabarma, ko ƙafarsa bisa kuskure,
ko ni, ina wanki, ban sani ba.

Na taɓa gwada na ashirin da tara.
Mma ce, wata bakwai ba a ga haƙorinta ba,
ran nan akuyar maƙwabta ta sure dokunu daga faranti,
Awudu ya bi ta, santsi ya kwashe shi,
Mma ta tuntsire har ɗankwali ya zame.
Na ɗaga, na danna.
Madubi ya tashi, ya maƙale a sama.
Duhu.
Ina jin dariyar da kunne,
idona na cikin rijiya.

Opanin ya ce, "Sa sabo, ki naɗe fim ɗin, ki kawo a wanke.
Zafin garin nan yana cin launi."
Na ce to.
To ɗin nan ya kai damina biyu.
In injin ya yi kukan naɗewa,
wa zai ce Baba bai gama aiki ba?

Yanzu kwabon yana hannuna.
Bayan isha'i nakan murɗa, in zare,
in sa a aljihun da ba ni da shi,
wato cikin zane, kusa da fata.
Ita ta samu barci.
Ni ce dai a kashe, ina sha.

Da safe in na mayar mata,
takan farka ba ta san komai ba:
ɗaya ga watan ɗaya,
wata shekara tun ba a haife ni ba,
lokacin yana saurayi, gashi baƙi wuluk.
Sai in zauna bakin gado da tsinken tsintsiya
ina latsa ɗan maɓallin,
shekara, shekara, shekara,
har in wuce wadda ba na so,
in gaya mata yau.