Ƙugiyar Sunana

Njidda bai aiko mini da tuwo ba,
damin gero ya turo daga Marwa,
da ɗan saƙo: "Ɗayyabu, ga wasan nan, ɗanye ne.
Ka sussuka, ka daka, ka tuƙa da hannunka,
sannan ka gaya mini inda haƙori ya ci tsakuwa."

Na baje a shagon Gwaggo Dudu, nan Yelwa ta Garwa,
tsakanin firjin zoɓo da buhun sukari.
Soket ɗaya muke rabawa ni da firjin,
kuma firjin ne babba.

Na sauko da turmi, ya ce sai da taɓarya.
Na sauko da taɓarya, ta ce ba wannan turmin ba,
na bara take so, mai tsohuwar lamba.
Rariya ta ce ba ta motsi sai an kira yayarta,
yayar tana da kawu,
kawun ya lashe mini datar sefa dubu bai ko yi gyatsa ba.
Casa'in da bakwai cikin ɗari,
saura ƙiris,
wuta ta ɗauke.

Gwaggo ta ce, "Ƙanƙarata na narkewa,
kai kana zaman makokin gilashi."

Ƙarfe biyun dare ta dawo.
Fankar kwamfuta na haki, ni ma haka.
Na buɗe baƙar taga, na rubuta umarni,
na ce bismilla, na danna.
Jan rubutu ya zubo
kamar barkonon da aka shanya a kan kwano:
kuskure arba'in da ɗaya,
duk bakinsu ɗaya, wai ba su ga hanya ba.

Wace hanya? Ga ta nan, ni na share ta!
Na goge, na sake.
Na zargi Njidda, na zargi kawun rariya,
na sha zoɓo biyu ban rubuta a littafin bashi ba.

Sai wajen kiran assalatu idona ya faɗa kan layin:
inda sunana ya kamata ya tsaya
wani ɗan akwati ne fanko, sai "ayyabu" a bayansa.
Ashe ƙugiyar da ke kan harafina na farko
ita ce ƙayar kifin da ta maƙale wa injin a wuya.

Na daɗe ina kallonta.
Ranar suna da ita aka raɗa mini.
Na cire.
Na zama Dayyabu, wani baƙo mai kama da ni,
nan take allo ya yi kore shar.

Ga Binuwai!
Ga gada, ga yashin rani,
ga ɗan masunci tsaye cikin kwalekwale
da hular da ta fi kansa.
Na tuƙa. Ruwan har ƙara yake yi.
Dorina ta ɓullo, ta buɗe baki,
sai ta tashi sama a hankali,
ta wuce gada, ta wuce gajimare, ba ta dawo ba.
Na yi dariyar da ta tashi karen maƙwabta.

Da gari ya waye na rubuta masa:
"Tsakuwa ta farko, dorinarka ba ta da nauyi.
Ta biyu, in ka juya hagu kana jefa taru
masunci na nutsewa ƙarƙashin kogi, yana ta faɗawa har yanzu.
Kifin ya yi arha, ka ƙara masa wayo.
Kogin kuwa kada ka taɓa shi, na ji sanyinsa.

Ta ƙarshe ba a cikin wasan take ba.
Ka gyara ƙofar, Njidda.
Gobe zan dawo gwaji,
kuma da ƙugiyata zan shigo."