Ɗaki Ɗaya Ya Bushe

Sau huɗu muka ja gadonmu bana
daga wannan ɗaki zuwa wancan,
muna gudun ɗigo kamar masu gudun mai bin bashi.
Teuta ta san muryar kowace tukunya cikin duhu:
ta ƙarfe tana ƙorafi tun ɗigon farko,
ta roba ba ta magana sai ta cika.

A Jirokastra rufin gida dutse ne,
falale bisa falale, ba ƙusa, ba manne,
nauyi ne kawai ke riƙe da nauyi.
Kakan kakana ya ɗora dutsen.
Ni ɗigon na gada.

Ƙanena Ylber ya bugo daga Bari:
"Sayar, yaya. Masu otal na neman irinsa."
Na ce to, zan duba.
Ina faɗa ina tsaye kan tsani,
waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa,
hannuna cikin cikin gungumen da ƙwari suka rarake,
itacen na zubo mini a ido
kamar gari daga rariya.

Matar ofishin kayan tarihi ta zo da littafinta.
Ban da siminti, in ji ta, ban da tagar alminiyam.
Farar ƙasa, yashi, gashin akuya,
yadda mutanen da suka yi.
Na ce ko mutanen da sun bar kuɗin aikin?
Ba ta yi dariya ba.
Amma ta shanye gahawar da ƙurar bango ta faɗa ciki,
ba ta ko yamutsa fuska ba,
na yafe mata.

Usta Petrit gwiwarsa ta daina hawa.
Yana zaune a tsakar gida kan kifaffen bokiti,
sandarsa na nuna sama:
"Juya shi! Dutse ma yana da ciki da baya.
Ka kwantar da shi yadda ya kwanta a tsauni,
in ba haka ba, zai tashi da dare ya nemi hanyarsa."
Ba ya karɓar ko sisi,
sai shayi, da damar zagina.

Farar ƙasa ta cinye zanen yatsuna
har wayata ta daina gane ni.
Muna girki a kan murhu ɗaya, gefen buhunan yashi.
Burodinmu na ƙaras-ƙaras a haƙori.
Akwai daren da Teuta ta ce, ba tare da ta juyo ba,
"Gidan nan muke aure, ni da kai."

Ranar da na kankare bangon ɗakin baƙi
rumman uku suka fito daga ƙarƙashin fenti,
ja bai gama mutuwa a jikinsu ba.
Na zauna a ƙasa.
Amma ba su suka tsayar da ni ba.
Gefensu akwai tsaga, an cusa mata hannun riga,
da maɓallinsa, an shafe da laka a gurguje,
aikin wanda sanyi ya kora, aljihu ba komai.
Ashe ba gwanaye kaɗai suka riƙe gidan nan ba.
Har da irina.
Na mayar da tsumman inda yake, na shafe a kai.

Jiya ruwa ya kwana yana zuba.
Ɗakinmu bai ɗiga ba.
Shirun ya hana mu barci,
sai muka ɗauki fitila muka sauka ƙasan gida,
muka tsallake matakalar nan da ta karkace,
wadda na rantse ba zan gyara ba,
muka kasa kunne a bakin rijiyar gida,
ruwan rufinmu na shiga inda aka yi masa hanya
tun kafin a haifi kowa da muka sani.

Saura ɗaki shida.
Petrit ya ce in jiƙa farar ƙasa tun asuba.