Yatsan Sallau

Ubana Sallau mahauci ne a kwatar Fagge.
Shekara arba'in bai tambayi hanta lafiyarta ba,
babban yatsa yake ɗorawa, ya danna, ya ɗaga,
ya tsaya ya ga ko ramin zai ciko.
In ya ciko, a kai wa masu tsire.
In ta yi ƙiƙam kamar tsohon kirgi,
ya wurgar gefe, bai ce uffan ba.

Ni 'yarsa Hansai, da na guji ƙarnin jini,
ga ni a ɗaki mai sanyi wajen Gyaɗi-Gyaɗi
ina farautar abin da yatsan nan ya sani
ba tare da an tsaga cikin kowa ba.
Ɗan faifai muke ɗaurawa a haƙarƙarin dama,
ya kaɗa sau sittin kafin daƙiƙa ta cika.
Girgizar ta ratsa fata, ta ratsa kitse, ta faɗa hanta
kamar tsakuwa a kududdufi,
maganaɗisu ya kewaye yana kallo.
A nama mai laushi igiyar gajeren taku take yi,
a mai tauri ta yi dogon tsalle ta wuce.
Nawa aikin bin sawu ne:
in ga takun, in faɗi irin ƙasar da aka taka.

Sai dai lissafi maƙaryaci ne mai ladabi.
So yake in ce hanta iri ɗaya ce baki zuwa baki,
ba jijiya, ba ruwa, ba numfashi,
shimfiɗe ba iyaka kamar filin idi.
Na ce masa to, don ya ba ni amsa.

Wata uku ina dafa ƙafar sa,
romon ya daskare a robar fenti, in tura shi na'ura.
Na gwada awara, na gwada sauran tuwon jiya.
Tanimu mai shara ya leƙo ya ce,
"Hajiya, bincike ne ko kalaci?"
Nama dai ba roba ba ne.
Yana da danƙo, yana da yauƙi irin na kuɓewa,
ka lallaɓa shi ya yarda, ka gaggauta ya yi taurin kai.
Na ƙara wa lissafin harufa biyu saboda wannan hali,
kwamfuta ta kwana tana nishi,
wuta ta ɗauke gab da asuba, muka sake daga fari.

Wata Laraba Baba ya zo,
farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa.
Ya tuɓe zobe, ya tuɓe agogo,
ya miƙo mini wuƙarsa cikin kube,
don ƙarfe ba ya shiga ɗakin nan.
"Riƙe numfashi, Baba."
Ya riƙe kamar mai nutso.

Shuɗi nake jira a allo.
Ja ne ya fito, ja wur.
Na sake lissafi sau uku,
na zargi haƙarƙari, na zargi faifai, na zargi harufana.
Ranar ce na fara roƙon Allah
ya sa aikina ya zama ƙarya.

Ya fito, ya gyara hula, bai ko dubi allo ba.
Ya kama babban yatsana
ya kai ƙarƙashin haƙarƙarinsa, ya danna.
"Tun azumin bara na ji ta. Ba ta cikowa.
Nawa injin naki ya ce?"
Na faɗa masa lambar.
Ya gyaɗa kai. "Bai zalunce ni ba.
Amma duba can ta hagu, da sauran laushi."

Na koma na duba.
Ga shi kuwa, a inda nake yankewa ina zubarwa
don lissafi ba ya son gefe:
ɗan shuɗi, faɗin ƙwandala.

"Kin gani? Ba ni wuƙata.
Gobe Alhamis, akwai yanka."