Birkin Hannu

Wata bakwai ke nan a-kori-kurar Baba
tana tsaye a gindin gawo, bayan rumfa,
tun ranar da ya dawo daga kasuwar Gadarif,
ya ja birkin hannu har haƙorin ƙarshe,
ya sauko, ya ce kansa na sarawa.
Bai kai bakin ƙofa da ƙafarsa ba.

Damina ta zo ta wuce a kanta.
Baƙar lakar nan ta riƙe tayoyin,
ta bushe, ta tsage kamar diddigen manomi.
Kaza ta yi ƙwai a bodi, ta ƙyanƙyashe.
Yanzu riɗi na tsaye dami-dami a gona,
shi kuwa ba ya jiran kowa:
ka makara, ya buɗe baki ya ciyar da tururuwa.

Na aro batir wurin Usta Bashari.
Inji ya yi tari, ya yi tari, ya kama.
Na sauke sandar birki, ta tafi laƙwas, ba nauyi.
Na sa giya, na saki kuloci a hankali.
Motar ta yi nishi, ta ɗaga ƙugu, ta ƙi.
Na ƙara wuta. Ƙauri ya tashi.

Sai na ji ana dukan ƙafar gado.
Zulai ce ta fito da Baba inuwa,
hannunsa na dama dunƙule a cinya
kamar har yanzu yana riƙe da wani abu.
Magana ba ta fita sai guntu-guntu,
amma sandarsa ta iya Hausa.
Kashe, ta ce. Na kashe.

Ya nuna tayar baya.
Na haƙe laka da fartanya,
na tare gaba da duwatsu, na kafa jak a kan katako.
Noti shida; biyu sai da na hau sifana da ƙafa.
Ga ganga nan, ja wur da tsatsa,
takalman birki sun manne mata daga ciki,
sun manta cewa riƙon na ɗan lokaci ne.

Na ɗaga guduma sama da kaina.
Sanda ta ce a'a.
Ta taɓa ƙafar gado: ƙwas, ƙwas, ƙwas,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai.
Haka na bi gangar ina zagayawa,
tsatsa na zubowa kamar garin gahawa.
Na koma ɗaya ɓangaren, na sake sallama.

Na kwanta rigingine a ƙarƙashi,
ƙasa na faɗo mini a ido.
Na bi wayar da yatsa har inda ta ƙage a kubenta,
na ɗiga mata kananzir da baƙin mai.
Ja, saki. Ja, saki.
Yadda Zulai ke yi wa yatsun Baba da man riɗi
kullum bayan la'asar.

Na mayar da tayoyi, na janye duwatsu, na shiga.
Hannuna ya nufi giya ta ɗaya,
sai muryarsa, ba sanda ba, muryarsa:
"Baya."
Kalma guda, sai da ya yi mata gumi.

Na sa ribas. Na ɗan saki, na taka. Na ɗan saki.
Ƙas!
Kamar an karya ƙashi a mahauta.
Kaji suka watse.
Inuwar gawo ta zame daga gilashi.

Na leƙo ta taga ina neman hannunsa.
Bai buɗe ba.
Ba tatsuniya nake ba ku ba.
Rabin bakinsa ne dai ya yi dariya.

Da magariba na dawo da buhu sha ɗaya.
Na tsaya a gindin gawo,
hannuna ya kai kan sandar birki da kansa,
sai na janye shi.
Na bar ta a giya.
Zulai ta mirgino dutse da ƙafa.